Shaidar Dela a Kan Madubin Taurari

Bayan azahar barci ya sace ni a kan darduma, carbi a hannu, zuciyata babu daɗi. Dalili kuwa, da la'asar Mai Unguwa zai zauna kan maganar madubin duban taurari, wanda gwamnati ta ba da tallafi aka kafa wa ɗalibai a saman benen kwalejin bayan layinmu, ni ce kuma shaida. Ni na fara faɗa a gidan suna cewa ba taurari yaran nan suke kallo ba, banɗakunanmu marasa rufi suke leƙe. Don mata su yi dariya na faɗa, sai magana ta yi ƙafa. Sale direba ya rantse in ta tabbata zai cire 'yarsa Rumasa'u daga karatu, ga shi ita ke jan ragamar binciken, saura ƙiris ta gama. Ni ko ban ga komai ba. Amma in tsaya gaban jama'a da furfurata in ce ƙarya na yi? Na kwanta da niyyar in ƙara wa maganar gishiri.

Sai na gan ni a ƙofar wani gari. Ga Yalwa mai daddawa tsaye, aminiyata, wadda da hannuna na yi mata wankan gawa bara. Ta ja mayafi ta rufe haɓarta.

Na ce, "Yalwa! Ashe kina nan? Matso ki sha labari, ai bayan tafiyarki..."

Ta ce, "Dela, kama bakinki. A nan gani ake yi."

Muka shiga. Na ɗaga kai, babu sama. Ba rana, ba gajimare, sai wani baƙin rufi kamar gindin tukunya, yana saukowa a hankali. Na ce, "Ina samaniyar garin nan?" Ta ce, "An hana su ita, kamar yadda suka hana 'ya'yan mutane."

Muka fara iske wani ƙato, babbar rigarsa ta sha aiki, ɗauke da gidan bene a dokin wuyansa. Da ya yunƙura zai ɗaga kai sai a ƙara masa hawa guda, ƙashin bayansa na ƙara kamar ana karya kara.

"Wane ne wannan?"

"Ta ofishinsa tallafin ɗalibai ya biyo. Da shi ya gina abin da kike gani. Ya so gidan, an ba shi, ba mai raba su."

Gaba kaɗan ga wani a durƙushe, idonsa manne da bakin wani dogon bututu, cinnaku na bi ta ciki a jere suna shigewa idon. Yana ihu, ba ya iya janyewa. Yalwa ta ce, "Ɗan kwangila ne. Madubi aka ce ya kawo wa wata makaranta, ya shafa wa bututun famfo fenti ya sa a kwali mai kyau. An ce ranar da ya hango tauraro ko ɗaya ta ciki za a sake shi."

Na ga wani malami da rigar digiri a kan dandamali, wanda ya ɗora sunansa kan binciken ɗalibansa ya hau jirgi ya je ya sha tafi. Wata murya na ce masa, "Yi mana bayani." Ya buɗe baki, sai yashi mai zafi ya zubo. Na ga wani shugaba da almakashi yana yanka ƙyallen buɗe gini, kowane yanka ɗan yatsansa ne ke faɗuwa, wani ya tsiro. Ana ta tafi, babu masu tafin. A bayansa ƙofa ce a kulle, kana jin gara na cin na'urori a ciki. Yalwa ta ce, "Ya zo, aka ɗauki hoto, ya tafi da mukulli. Bai ƙara waiwayowa ba."

Tsoro ya cika ni, amma hali zanen dutse. Na ce, "Allah ya ƙara! Wallahi in na koma, sai an ji wannan har bakin kasuwa."

Yalwa ta dube ni. Ba ta yi dariya ba, ita da ko tari na yi sai ta ƙyaƙyata. Ta kama hannuna, tafinta sanyi ƙalau, ta ja ni wani lungu.

Wata doguwar katanga ce, an jera fasassun kwalabe a kanta. Mata ne reras, kowace tsaye a kan turmi, haɓarta a kafe kan kwalaben, idanunta babu fatar ƙiftawa. Harshen kowace ya zazzago ta ɗaya ɓangaren kamar igiyar guga, an rataya masa abin da ya lalata: wannan keken ɗinki, waccan tukunyar abincin sayarwa, wata goyon jariri. Ba kuka, don ba bakin yi. Jini kawai ke bin bango.

Can ƙarshe ga turmi babu kowa a kai. Na gane shi, nawa ne, har da wayar da na ɗaure tsagarsa. A gindin bangon an ajiye madubin kwalejinmu da jakar littattafan Rumasa'u, an sa musu ƙugiya.

Na juya wurin Yalwa. Na ce, "Yalwa, ki ji tsoron Allah! Waɗancan tallafi suka ci. Ni me na ci?"

Ta ce, "Su sun ci, ko ba komai sun ƙoshi a duniya. Ke a banza za ki kashe, don dariyar gidan suna. Abin da ya tsallake hannun ɓarayi ya iso wurin yarinya, bakinki zai ƙwace."

"To ke ina naki turmin?"

Ta sauke mayafi. Haɓarta a tsage take har ƙashi. Ta ce, "Aron lokaci aka ba ni in nuna miki. Naki bai kama ƙafarki ba tukuna. Yana jiran ki buɗe baki gaban Mai Unguwa."

Rufin nan ya sauko har ya taɓa ɗankwalina. Na ji an ɗaga ni cak, ƙafafuna suka dira kan turmi, aka danna ƙeyata, tsinin kwalba ya taɓa fatata.

Na farka ina salati, hannu biyu riƙe da haɓa, zanina sharkaf da gumi. Ana kiran la'asar. Na yi alwala na tayar da salla. A sujada na yi alkawari: in sun ga dama su yi mini ihu, yara su sa ni a waƙa, yarinyar nan ba za ta bar karatu ta dalilina ba.

Ina sallamewa Shekara maƙwabciyata ta leƙo, ta ci kwalliya kamar mai zuwa biki. Ta ce, "Iya Dela, tashi mana, an cika! Har Sale ya zo da 'yar tasa, idonta ya yi luhu-luhu. Kin dai shirya abin da za ki faɗa?"

Na ce, "Na shirya. Riƙe mini hannu mu je, Shekara. Ki riƙe da kyau, don in na gama faɗa ba lallai ki ƙara gaishe ni ba."