Motar da Awaki Suka Lashe

Mamani dillalin dabbobi ne a kara, kasuwar dabbobin Dakoro, kuma ya yi suna. In ya dafa ƙugun rago ya ɗan matsa, zai gaya maka abin da ya ci tun daga kaka. In kuwa shi ke sayarwa, tunkiyar da ta ga jikokinta sai ta koma budurwa a bakinsa.

Da ciniki ya fara kai shi kasuwannin Ɗan Gulbi da Birnin Lalle, ya gaji da jiran motar haya, sai ya tafi Tagriss wurin Alhusaini, wani mai raƙuma da ya daɗe yana jigilar kanwa da gishiri. A wurinsa ya sayo tsohuwar mota kat-san-kat mai buɗaɗɗen baya, shuɗiya, fenti sabo, jiki sumul ba ko kwarzane. Mamani ya zagaya ta, ya dafa ƙugunta yadda ya saba dafa na dabba, ya ce, "Wagga kam ta ci ta ƙoshi."

Ya kawo ta gida ya ajiye a gindin dogon yaro, kusa da turken awakin matarsa Hawwa'u. Jajayen awaki ne masu ƙyalli, kuma Hawwa'u ba ta haɗa su da komai.

Ba a daɗe ba ta fara lura da wani abu. Da zarar ta kwance su, maimakon su nufi kwanon dusa, sai su ruga wurin motar su jeru suna lasar ta ta wajen tayar baya.

"Baban Ramla, zo ka ga baƙuwarka da awakina."

Mamani ya fito yana gyara hula, ya tsaya ya yi murmushi.

"Farin jini ne, Hawwa'u. Dabba ta san hannun da ke sonta. Warina suka ji."

"Kai ga ka nan tsaye, mi ya hana su lashe ka?"

Ya juya ya koma ciki.

Ranar kasuwa abin ya ƙara girma. Yana tsayar da motar a bakin kara, shanun wani Bafulatani suka baro garke suka kewaye ta. Wani bijimi mai manyan ƙahoni ya sa harshe a ƙofar direba ya ƙi ɗagawa, sai ta ɗaya ƙofar Mamani ya fita. Mutane suka taru. Wasu suka ce laya aka binne a cikinta, wasu suka ce ai dama dillalai ba a banza suke ba. Mamani bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai riƙa shafa gemu. Ranar ya yi ciniki har muryarsa ta dushe.

Daɗin bai yi nisa ba. Wata safiya Hawwa'u ta tare shi a bakin zaure da tsintsiya a hannu, ta nuna masa ƙasa. Kashin awaki ne warwatse, shuɗi kamar an rina.

"In akuyata ɗaya ta kwanta, ni da kai ne. Je ka dubi motarka kuma."

Ya je. Inda awakin ke lasa ya zama rami, hannu na shiga har wuya. Ya zura yatsa ya jawo wani abu, sai ga guntun buhu. Ya sake jawowa, sai ga murfin gwangwanin tumatir an buge shi ya miƙe.

Ba yadda ya iya, sai garajin Hama. Hama toliye ne, aikinsa gyaran jikin mota, ya buge lotsawa, ya yi walda, ya fesa fenti. Kuma taubashin Mamani ne, don haka Mamani ya san kafin a taɓa motar sai an taɓa shi.

Hama ya leƙa ramin, ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar rediyo ya manna a ƙofa. Ya faɗo. Ya manna a ƙugu, ya faɗo. Ya bi jikin motar kaf yana mannawa yana tsinta, sai a rufi da murfin inji abin ya kama.

"Bawana, maganaɗisu ƙarfe yake kamawa. Kai dai ka sayo ɗakin laka mai taya."

"Wa ke bawanka? Cike min ramin nan in tafi, ina da kasuwa."

Hama ya ɓantaro ɗan farin abu daga bakin ramin, ya shinshina, ya ɗora a harshe, ya yamutsa fuska ya tofar. Daga nan ya zauna a kan tsohuwar taya yana dariya har da riƙe ciki.

"Mastik ake shafawa a cike ƴar lotsawa kafin fenti, kaurinsa bai wuce farce ba. Wanga kuwa mastik ɗin a sama kawai yake kamar man shanu a kan tuwo. Ƙarƙashi kanwa ce aka daka, aka kwaɓa da ƙaro da yumɓu. Kanwa, Mamani! Ba ita kuke ba rago ya sha ruwa cikinsa ya tashi ranar kasuwa ba?"

"Wasu ke yi," in ji Mamani, yana kallon wani wuri.

Ya so a sake cikewa a shafe da fenti, Hama ya ce a kai wa wani. Shi in zai taɓa ta, sai ya kankare har ya ga ƙarfe, don duk abin da aka ɗora a kan tsatsa damina ɗaya zai yi ya zubo. Suka yi ta ja, Mamani ya tafi cikin fushi. Da ya isa gida ya tarar Hawwa'u ta kafa turmi a inda yake ajiye motar, ta ce motar ba ta sake kwana kusa da awakinta. Sai ya juya kan mota ya koma garaji.

Aka fara kankara. Kullum Mamani zai biyo ya tsaya da hannu a baya yana kallon motarsa na ramewa. Guduma ɗaya, sai ɓangare guda ya faɗo kamar katangar da ruwa ya ci. An fitar da ragar waya, an fitar da tafin tsohon takalmi, a ƙofar direba har da rabin faranti mai zanen fure. Ƙugun nan da ya dafa a Tagriss ya tafi gaba ɗaya, ya bar haƙarƙari a waje, ana hango kajin maƙwabta ta cikinsa.

"Hama, tsaya haka nan, kada ka bar ni da sitiyari kaɗai."

"Inji lafiya lau yake, ƙashin bayanta ma garau. Tsoffin nan ba su mutuwa da wuri. Ƙugu zan yanko daga ganga in buga. Amma ƙofofin nan biyu sun gama aiki, sai ka samo wasu."

Mamani ya ce ya san inda zai samo, kuma ba ƙofa kaɗai zai karɓo ba, har da bayani. Ya hau motar haya zuwa Tagriss, yana ta shirya maganganu a hanya.

Ya tarar da Alhusaini a inuwar bukka yana dafa shayi. Alhusaini ya tashi ya tarbe shi hannu biyu, ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa, ya tambayi gajiya, ya miƙa masa kofin farko. Sai da aka kai na biyu Mamani ya samu ya buɗe ƙullin da ya zo da shi, ya zube farin ɓarɓashi a kan tabarma.

Alhusaini ya ɗauki ɗaya ya jujjuya.

"Wagga ta hanyar arewa ce, shekarar da raƙumi ya zauna wa motar. Muna daji, mastik ɗan gwangwani guda, kanwa kuwa mota cike. Ta riƙe fa, ka ga ta riƙe."

"Alhusaini, ba ka gaya min ba."

"Malam Mamani, ka tambaye ni inji, na ce lafiya. Ka tambaye ni taya, na ce biyu sababbi ne. Jiki kuwa kai ka dafa da hannunka ka yaba, ni kuma ba na musu da dillali."

Mamani ya kurɓi shayi. Maganar ta yi masa kama da wadda ya sani.

Alhusaini ya ɗaga buta sama ya tsiyaya shayi har ya yi kumfa, ya ce, "Ka tuna ragon layyar da ka zaɓar min shekarun baya? Na ɗora shi a mota kamar maraƙi. Kafin mu iso nan ya yi fitsari sau ba adadi, da muka sauke shi matata ta tambaye ni ina uwar ɗan tunkiyar nan."

Mamani ya so ya daure, amma dariya ta ƙwace masa har shayi ya sarƙe shi. Alhusaini ya riƙa buga masa baya, shi ma yana yi.

Bayan bukkar akwai gawar wata kat-san-kat, ba inji ba taya, kaji sun mai da ita gida. Ƙofofinta kuwa ƙarfe ne zalla. Alhusaini ya ce a kwance a ba shi kyauta, in Mamani ya yarda ragon layya mai zuwa shi Alhusaini zai zaɓa da kansa, kuma a zaɓa tun kafin a ba dabbobi ruwa.

Aikin ya ci sauran rani. Hama ya yanka ganga, ya buge ta a kan kututture har ta ɗauki lanƙwasar ƙugu, ya yi walda, ya goge, ya shafa maganin tsatsa. Mastik ɗin da ya sa bai cika tafin hannu ba. Wajen launi Mamani ya ce shuɗi, Hawwa'u ta aiko cewa ta ga shuɗin da zai ishe ta har ƙarshen rayuwarta, aka fesa ruwan ƙasa.

Fitarta ta farko Ɗan Gulbi suka nufa, Hama na gefe don ya ji ko wani abu zai yi ƙara. Suna shiga kasuwa, wani mai amalanken jaki ya kasa tsai da jakinsa, bakin ƙarfen amalanken ya daki sabon ƙugun. Mutumin ya diro yana ba da haƙuri, mutane suka matso su raba faɗa.

Mamani ya fito ya durƙusa. Wurin ya lotsa kamar tafin hannu, fenti ya ɗan ɗaye, farin ƙarfe na walƙiya a ƙasa. Ya shafa, ya sake shafawa, ya duba ƙasa ko wani abu ya zubo. Ba komai.

"Hama! Zo ka gani, lotsawa ta yi!"

Ya miƙe ya kama hannun mai amalanke ya girgiza, ya tambayi sunansa, ya ce Halidu. Ya ja shi rumfar mai tsire ya ce a gasa masa mai kitse. Halidu ya ci yana waiwaye, bai gane laifin da ake yi masa tukwici a kai ba.

Hama ya ce in sun koma zai buge wurin daga ciki, aikin ɗan lokaci ne. Mamani ya ce ba gaggawa, a bar ta haka har mutanen kara su gani tukuna. Ya ɗaure hula ya shiga cikin tumaki, don wani mutumin Birnin Lalle na can yana ɗaga masa hannu.