Kitson Sahadatou

Tun da suka sauka Paris, Hajiya Hamdiya ta kasa gane kan wannan magani. An ce 'yarta Sahadatou tana da ciwon daji a bayan ido, in aka yi jinkiri idon zai tafi. Wannan ta ji. Amma ba wuƙa, ba allura, ba ko ƙwaya? Wai wani inji ne mai girman gida yake harbo abin da ba a gani, ya ratsa lafiyayyen nama, ya tsaya cak a kan ciwon. Ɗanta Kamalu, da ke karatu a Lyon, ya yi mata bayani a waya har bakinsa ya gaji. Proton, in ji shi. Ita dai ta ce to.

Ranar gwaji a asibiti an ɗumama wata roba mai raga, aka manna ta a kan yarinyar, gashi a tsefe, har ta sandare. Wannan ma ba ta gane ba, sai dai kunya ta kama ta: 'yarta a gaban baƙi da kai buyaya!

Don haka ana gobe za a fara, ta zaunar da ita a masaukinsu na Bobigny, ta rangaɗa mata kitson shuku.

Da safe ba a jima da shiga da yarinyar ba aka fito da ita. Wata ma'aikaciya riƙe da robar tana ta zuba Faransanci. Hajiya ta ciro wayarta. Ta kira Kamalu, ta miƙa wa matar wayar, da suka gama magana ta karɓo.

"Inna, me kika yi wa kanta?"

"Kitso ne fa kawai."

"Robar ta ƙi rufuwa. In kan ya goce ko da ƙwayar gero, harbin zai sauka inda ba ciwo. Ki tsefe yanzu, ko su ɗaga randebu ɗin zuwa wata rana."

"Injin da ya kai gida girma, kitsona ne ya gagare shi?"

"Inna, don Allah."

Har yanzu ba ta gane ba. Amma ta zare tsinken mayafinta, ta fara warware shukun nan layi-layi, haushin kanta ya cika ta.

Sahadatou ta ce a hankali, "Inna, in an gama ki sake mini irinsa. Ina so in gan shi da ido biyu."