Kafin Ya Cire Takalmi

Tsohon direban ya kai autarsa filin jirgin sama da hantsi. Za ta ƙasar waje wurin yayanta, wanda ya yi shekaru bai leƙo gida ba. Duk sanda aka yi masa zancen zuwa, amsarsa ɗaya ce: "Baba, nisa ne."

Tsohon bai taɓa musa masa ba. A kan babbar mota ya ƙare ƙuruciyarsa, shi da kwanan hanya yake auna nisa. Shi ya sa ya cika wa yarinyar jaka da guzuri, har da bargo.

A hanyar komawa ya faɗa cunkoso, ya sha mai, ya kuma tsaya aka yi masa faci. Yana tura ƙofar gida wayarsa ta yi ƙara.

"Baba, mun sauka. Ga Yaya ma ya zo tarbata."

"Har kun isa?"

"Tun ɗazu. Ko guzurin ban buɗe ba. In ba shi ku gaisa?"

Tsohon ya dubi takalmin da bai kai ga cirewa ba. Ya ce, "Ƙyale shi, auta. Ai nisa ne."