Zinaren da Ya Girma a Kwalba

A gida Mai-zinare suke ce mata don zolaya, domin shekara huɗu tana aikin zinare amma ko ɗan kunne ba ta taɓa kawowa ba. Nata zinaren ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, suna yawo cikin ruwa a wata 'yar kwalba. Abin da take son nunawa a digirinta na uku shi ne, idan ƙwayar ta yi ƙanƙanta sosai, atam ɗin cikinta, wato ƙananan ɓurɓushin da suka haɗu suka yi ta, ba sa jeruwa layi-layi kamar na zinaren kasuwa, sai su dunƙule su yi kusurwa biyar. Hoto ɗaya ya rage mata daga babban madubin lantarki mai nuna abin da ido ba ya gani, ga shi wa'adin karatunta zai cika ƙarshen wata.

Madubin ɗaya ne tak a ginin. Suna ake rubutawa a takardar da ke manne a ƙofa, a jira. Sau uku layi yana zuwa kanta, sau uku wani Dakta da ya girme ta a aiki yana leƙowa ya ce, "Ƙanwata, ɗan ara mini yau mana, taro zan je." Ita kuma da kunyar nan tata mai cutarwa sai ta ce, "Ba komai, Dakta." Aka yi wata bakwai ana ba komai.

Ranar da ta samu shiga, dattijon da ke kula da na'urar ya ɗaga kwalbar saitin fitila.

"Da kika haɗa shi, wane launi ne?"

"Kamar ruwan shayi, Baba."

Yanzu ja ne jawur. Ta daɗe da gani, kullum sai ta ɗora wa hasken ɗakin laifi.

Hoton ya fito a allo. Atam a jere tsaf, layi bayan layi, abin sha'awa ga wanda ba shi da asara a ciki. Suka duba ƙwaya ta fi ɗari, babu ko ɗaya mai kusurwa biyar.

"Sun girma, 'yata," in ji dattijon a hankali. "Ƙananan narkewa suke yi su manne wa manyan. In sun girma kuwa, sai su koma jerin da kowa ya sani."

"In na sake haɗawa fa? Mako biyu ya ishe ni."

Ya kalli takardar ƙofa. A cike take har wata uku masu zuwa.

Ta zauna riƙe da kwalbar. Babu wanda ya zalunce ta da ƙarfi, da bakinta ta bayar da layinta.

Sai aka turo ƙofa, Daktan ya leƙo da fara'arsa.

"Ƙanwata, na ga kamar kin gama. Saura awa ɗaya a lokacinki, ko?"

Ta buɗe baki, shekara huɗu cike da ƙirjinta.

"Ba komai, Dakta," ta ce.