Ƙafafun Jar Motar Dewey

Lonnie bakanike ya danna maɓallin na'urar ɗaga mota, jar motar ta tashi sama, Glenda ta kutsa ƙarƙashinta da tocila a hannu.

"Malama Glenda, baƙin mai zai ɗigo miki a ka," in ji shi. Ita ta riƙa kai shi makaranta a bas yana ɗan firamare, kuma har yau da furfura a gemunsa bai daina shakkarta ba.

"Shekara talatin ina jan bas a duwatsun nan, yau ne mai zai fara ɗigo mini? Nuna mini kawai."

Ya nuna mata. Robobin ƙafafu sun tsattsage kamar tsohon takalmi, shokozoba huɗu duk sun mutu, sifirin na baya sun kwanta.

Motar ta mijinta ce, Dewey, ƙirar 1969, mai injin da in ya yi ruri karnukan unguwa ke ɓuya. Shekara arba'in yana goge ta da tsumma mai laushi, iyakacin tafiyarta filin coci, wurin baje kolin tsofaffin motoci, ta ciyo kofi ta dawo. Wata huɗu da suka wuce ɓarin jikinsa ya shanye, sannan akori-kurarsu ta mutu murus. Yanzu sau uku a mako Glenda ke haura dutse da shi zuwa asibiti a cikin wannan abin da ke tangaɗi kamar kwale-kwale. Ranar Talata bayan motar ya zame a wata kwana, saura ƙiris su shige ƙarƙashin motar kwal.

Dewey na zaune a keken guragu a bakin gareji, ya sunkuyar da kai.

Ba a kwance ƙusa uku ba sai ga Virgil, shugaban ƙungiyar masu tsofaffin motoci kuma alƙalin gasarsu, tumbinsa na gaba, jaket ɗinsa fal bajoji.

"Tsaya, Lonnie! Glenda, kin san abin da kike yi kuwa? Motar nan yadda ta fito daga kamfani haka take, ko wasa ba a taɓa canja mata ƙusa ba. Ni na duba ta da idona sau tara."

"Sannu da ƙoƙari."

"In kika sa mata kayan zamani ta zama kamar kowace mota. Ba kofi, ba daraja."

"Virgil, yaushe rabonka da shan kwana da taka motar? A tirela kake kai ta fili, kamar mara lafiya. Ku taru ku buɗe bonet, ku yi ta kallon inji kuna cin naman gashi. Mota ce ko akwatin gawa?"

Virgil ya juya. "Dewey, kana ji ka yi shiru?"

Dewey ya motsa baki, magana ba ta fito ba.

"Ci gaba, Lonnie," in ji Glenda. "Sababbin shokozoba, sabon sifirin, sannan ka sa mata sanda mai kauri a gaba ta daina wannan rawar. Kada ka sauke ta ƙasa irin ta samari, hanyarmu ramuka ne."

Virgil ya koma wajen Dewey yana yi masa jaje kamar an yi rasuwa. Can Lonnie ya sauko da sifirin ɗin hagu, ya kankare tsatsa, ya yi turus. Ya yafito Glenda da yatsa.

"Wannan ba nata ba ne," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na wata tsohuwar akori-kura ne, an yanke shi. Dubi nan kuma, walda ce, an shafe ta da baƙin fenti. Motar nan ta taɓa faɗawa rami, faɗuwa kuwa ba ƙarama ba."

Glenda ta shafa waldar. Ta waiwaya. Dewey na kallonta, idonsa mai lafiyar ya cika da roƙo. Ga Virgil kuma yana tahowa.

"Aƙalla ku ba ni tsofaffin in adana. Kayan tarihi ne."

Dariya ta taso mata har maƙogwaro. Sau tara! Kalma ɗaya za ta faɗa, alƙali ya kasa sake shiga filin coci da wannan jaket. Amma kofunan da ke jere a falonta su ma za su tafi tare da shi, kuma su kaɗai Dewey ke iya gogewa da hannu ɗaya.

"Lonnie, zuba su a buhu ka ɗaure. Kayan mijina ne, ba na 'yan kallo ba."

Da yamma suka kama hanyar gida. Kwana ta farko motar ta lafe a kan kwalta, ta bi sitiyari ba gardama. Ta biyu ma haka. Sai da suka kai ƙwanƙolin dutse Glenda ta yi magana.

"Wace shekara ta faɗa ramin?"

Ya daɗe yana haɗa kalmomin. "Tamanin... da uku."

"Muna shirin aure ke nan. Kai kaɗai ne a ciki?"

Ya kau da kai.

"Wace ce, Dewey?"

"Mamanki."

Glenda ta taka birki, ta gangara gefen hanya.

"Ita... ke tuƙi," ya ce. "Ta ce sai ta gwada... motar da za a ɗauki 'yarta a ciki."

"Mama? Mama da ko lasin ba ta da shi? Mai waƙa a coci?"

Ya gyaɗa kai. "Ta sa na rantse."

Glenda ta zauna tana kallon kwarin da ke ƙasa. Shekara goma sha biyu da binne tsohuwar, kuma kowace Lahadi ta rayuwarta tana zagin wannan mota a kan teburin abinci, Dewey na cin wake yana cewa gaskiya ne.

"Matar da ba ta iya juya keken sayayya a kanti ba, ka miƙa mata makulli," ta ce. "Wawa kawai."

Ta gyara masa bargon da ya zame daga gwiwarsa, ta duba madubi, ta hau kwalta.