Kada Auta Ta Ji Sai An Sauka

Auta na banɗaki tana wanka, har da 'yar waƙarta, wayar mijinta Likita ta yi ƙara. Yayanta ne daga gida. Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba, ya ce Mama ta cika da asuba, kuma kafin azahar za a kai ta. Sannan ya haɗa Likita da Allah kada ya bari Auta ta ji sai sun sauka gida. Ya san hawan jininta, kada a tashi da gawa biyu.

Likita ya ce to. Shekara ashirin yana cire wa mutane haƙori yana ce musu babu zafi, don haka ƙarya ba baƙuwarsa ba ce. Amma wannan kam ta fi ƙarfin bakinsa. Ya zauna a bakin gadon otal, tsakanin akwatuna biyu a buɗe, hawaye na zuba yana sharewa da gefen zanin gado. Yana jin ta kashe famfo ya miƙe ya kama ninke riguna.

Wannan ne hutunsu na farko a wata ƙasa tun da aka ɗaura musu aure, kuma Mama ce ta kora su. Ita ta ce 'yarta ta je ta ga duniya, makarantar da take koyarwa ba za ta rushe a kwana goma ba. Auta dai ta ba arba'in baya, har furfura ta fara leƙowa, amma a wurin Mama har yanzu goyo ce. Layin 'yar wayar Auta mai maɓalli ba ya aiki a nan, shi ya sa kullum da yamma take ƙwace ta Likita, su yi ta hira da tsohuwar yana ta hamma.

Tsarabar kowa ta kammala, saura ta Mama, don Mama akwai tsirfa. Suka bi titin bayan otal zuwa wani shagon rigunan sanyi. Auta ta ɗaga shuɗiya, ta ɗaga ruwan ƙasa, ta tambaye shi wacce. Ya ce shuɗiya. Ta ce lallai bai san surukarsa ba, cewa za ta yi an mayar da ita budurwa. Sai ta zura ruwan ƙasar a jikinta, tunda kafaɗarsu ɗaya, ta ranƙwafa, ta dafe ƙugu, ta shiga takawa tana mita da muryar Mama sak. Mai shagon ba ta jin ko kalma ɗaya amma ta riƙe ciki. Shi ma Likita, Allah ya yafe masa, sai da ya dara. Idonsa ya kai kan agogon bango, ya cire bambancin awa, ya gane yanzu ake fita da gawar Mama.

A filin jirgi ta miƙo hannu ya ba ta waya ta shaida wa Mama sun taso. Ya ce caji ya ƙare. Ta harare shi, ta ce mutum da girmansa, waya ɗaya ta gagare shi kula.

Da jirgi ya daidaita a sama ya yanke shawara: Yaya ya yi haƙuri, shi zai gaya mata da bakinsa. Ba zai bari ta fito tana washe baki ta karanta a fuskar masu tarya ba. Ya ce bari ta ci abinci tukun. Ta ci, har ta cinye burodinsa. Ya ce bari a kwashe farantai. Aka kwashe, ta jingina kai a kafaɗarsa, barci ya ɗauke ta. Awa uku bai motsa ba, hannunsa ya mutu murus, yana shirya maganar yana rushewa. Gaskiyar ita ce tsoro yake ji. Yana son ta ƙara ko da minti goma ne tana da uwa.

Tayoyi suka daki ƙasa, ta farka tana murza ido. Ya buɗe baki ke nan, ashe ta riga ta kunna 'yar wayarta. Wallahi ya manta da ita sam. Kafin ya ce uffan wayar ta yi ƙara. Wata abokiyar aikinta ce, kuma daga inda yake yana jin muryar matar tana jero ta'aziyya.

Auta ta saurara har ƙarshe. Ta ce amin, ta ce na gode, ta kashe. Mutane sun miƙe suna sauke jakunkuna, ita ko ɗamarar kujera ba ta kwance ba.

"Tun yaushe ka sani?"

"Kina wanka. Yaya ne ya ce saboda jininki..."

"An kai ta?"

Ya gyaɗa kai.

Ba ta ɗaga murya ba. "Sau ɗaya mutum yake rasa uwarsa, Likita. Ranar tawa ce. Kuka bar ni na ƙarar da ita ina wasa."

Ya kai hannu zai riƙe ta, ta janye nata ta ɗora a cinya. Haka suka zauna har jirgin ya koma wayam. Wata ma'aikaciyar jirgi, yarinyar da a haife Auta ta haife ta, ta zo ta durƙusa ta tambaya ko lafiya.

Auta ta dube ta. "Mamata ce ta rasu," in ji ta. Sai a lokacin kukan ya ƙwace mata, ta kifa kai a kafaɗar yarinyar, Likita na zaune a gefe ya rasa inda zai sa hannunsa.