Kasko Mai Tsukakken Baki

Shekara tara ke nan ba a sauya wa 'yar bishiyar da ke cikin kasko ƙasa ba, kuma Fusae ta fi kowa sani. Shekara shida mijinta Shozo ya yi a kwance, uku kuma da rasuwarsa. Bishiyar irin wadda ake kira matsu ce, mai ganye kamar allura, tsayinta kamu uku, Shozo ya yi shekara talatin yana renonta a bayan gidansu na garin Tokoname. Bana alluran sun soma yin ruwan ɗorawa. In ta zuba ruwa, sai ya bi ta gefe ya zube, don ƙasar ta daskare kamar dutse.

Kaskon ne ya hana ta. Mahaifinta ya gina shi, kuma shi kaɗai ya rage mata daga aikin hannunsa. Bakinsa ya lanƙwasa ciki, cikinsa ya fi bakin faɗi, saiwa kuwa ta cika cikin taf. Duk bazara sai ta tattaɓa shi ta ce sai baɗi. Ita tana kiran wannan girmama mahaifi. Gaskiyar magana tsoro ne, kuma bishiyar ce ke biyan kuɗinsa da ranta.

A farkon Maris ta kira yayanta Rokuro, wanda ya gaji sana'ar gidan ta ginin tukwane. Ya zo da ƙaramin lauje da tsinken gora, ya ƙi ko zama shan shayi. Ya zagaya bishiyar, ya danna ƙasar da babban yatsa.

"Ke Fusae, siminti kika zuba mata?"

"Ban kira ka ka yi mini faɗa ba, Yaya. Fito mini da ita, kaskon kuma kada ya ji ciwo."

"Ku ji ta. Kamar mai ba da umarni a gidan abinci."

Ya zura lauje ta gefe a hankali, ya ɗago ɗan ɓangaren ƙasar, ya kawo fuskarsa kusa ya shanshana. Ya sake tonawa ta tsakiya da tsinken. Fusae na kallon bayan wuyansa, ta ga ya daina barkwanci.

"Zo ki gani," in ji shi. "Tsakiyar nan duk ta ruɓe. Saiwoyi masu rai su ne waɗannan farare, kuma duk sun taru a ƙarƙashin leɓen kasko. In na yanka don ta fito ta baki, na yanke mata abin da take ci da shi."

"Mu jiƙa ta kwana biyu mana, ta yi laushi."

"Wake ce da za a jiƙa ta?"

"To mu bari sai kaka."

"Dubi tohon nan, ya soma kumbura. Mako guda gare ki. Zuwa kaka kuwa kina da kasko mai kyau da busasshen icen hura wuta."

 Ta so ya ce akwai wata dabara da maginan tukwane suka sani. Babu. Ya je rumfa ya dawo da guduma da tsohon tawul, ya naɗe kaskon, ya kwantar da shi a kan buhu, ya tallabe gindin bishiyar da hannu biyu. Gudumar kuwa ya ajiye ta a gabanta.

"Haba Yaya, kai ne magini. Kai ka san inda ake bugu."

"Na sani. Ga wurin, ƙasa da leɓen kaɗan. Amma ba ni aka ba kaskon ba, ba kuma ni na bar shi shekara tara ba."

Maganar ta yi mata zafi. Ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara, ta ɗauki gudumar. Ta tuna hannun mahaifinta, yadda yumɓu ba ya fita daga farcensa ko ranar biki. Ta buga.

"Sallama kike yi masa? Ba kowa a ciki, buga!"

"Ka yi mini shiru, tsohon kurma."

Ta sake bugawa, wannan karon da gaske. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen reshe. Da suka warware tawul, kaskon ya rabu uku, saiwar kuwa ta tsaya da siffarsa, ƙulle kamar dunƙulen zare. Rokuro ya juya baya ya fyace hanci ya daɗe yana yi, ya ce ƙurar rumfa ce. Ta bar shi da maganarsa.

Suka zauna suna tsefe saiwar da tsinke, suna cire ruɓaɓɓen, warinsa kamar na tsohuwar rijiya. Fusae ta tashi ta ɗauko wani shuɗin kasko mai sheƙi da ta daɗe tana ɓoyo. Tunda an yi asara, gara bishiyar ta koma gida mai kyau.

Rokuro ya dube shi ya kwashe da dariya. "Matsu a kasko mai sheƙi? So kike maƙwabta su ce 'yar magini ta fara rikicewa? Wannan na masu fure ne."

"To ka kawo naka, mai baki."

"Nawa ma ba yanzu ba. Mara lafiya ba ya zaɓen kaya."

Akwatin katako ya ɗauko, irin wanda ake kawo kifi a ciki daga kasuwar bakin teku. Ya huda gindinsa, ya zuba tsakuwa da jar ƙasa mai ƙwaya, ya ɗora bishiyar, ya ɗaure ta da waya har ba ta motsi. Fusae ta bi da tsinke tana cusa ƙasa tsakanin saiwoyi, ba ta bar rami ko ɗaya ba. A gefen akwatin har yanzu ana iya karanta sunan mai kifin.

"Shekara nawa za ta yi a nan?"

"Biyu, in ta yarda da mu. Ki sa ta a inuwa, kada iska ta same ta, kada ki ba ta taki. Kuma kada ki riƙa tono kina duba ta, na san halinki."

Watan Mayu toho ya fito, gajere, kore shar, a rassa biyar. Na shida, na can ƙasa, wanda ya fi kowane tsawo da kyau, ya bushe ƙamas. Rokuro ya ce da an yi aikin bara da ya tsira, bai kuwa sassauta maganar ba. Fusae ta ce ta ji. Ta riƙe reshen da kanta, ya sa zarto.